Fashin Baƙi: Maganin "Orijina" da Ɗan Indiya, Shin Aikinsu Ɗaya Ne a Jiki?

Shin magani mai araha yana aiki kamar mai tsada, ko kuwa rabin magani talaka yake sha? Tambayar ta daɗe, amma ta ƙara zafi tun tsakiyar 2023, lokacin da darajar naira ta zube, sannan a watan Agustan shekarar kamfanin GlaxoSmithKline, mai yin Augmentin da Ventolin, ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya bayan shekara 51. Sanofi ma ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. Farashin Augmentin da Ventolin da ire-irensu ya yi tashin gwauron zabo, har ya zama kusan duk wanda ya miƙa takardar likita a kemis sai ya ji an ce masa, "Alhaji, akwai orijina, akwai kuma ɗan Indiya. Wanne zan ba ka?"

Mai hali yakan ce a ba shi mai tsadar don hankalinsa ya kwanta. Marar hali ya karɓi mai sauƙin, ya kama hanyar gida yana wasi-wasin ko garin alli ya sayo wa ɗansa. Bahaushe dai ya riga ya ce araha ba ta ado, kuma da wannan tunanin yawancinmu muke shiga kantin magani.

Gajeriyar amsa ita ce: idan an yi maganin bisa ƙa'ida, kuma an adana shi bisa ƙa'ida, aikinsu ɗaya ne. Sai dai waɗannan sharuɗɗa biyu suna da nauyi sosai a kasuwa irin tamu.

Abu uku ne ake cakuɗawa wuri ɗaya

Kowane maganin bature yana da suna biyu. Akwai sunan sinadarin da ke yin aikin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take tsarawa tun 1953 domin likitan Kano da na Alƙahira da na Landan su fahimci juna. Akwai kuma sunan kasuwa, wanda kamfani yake raɗa wa hajarsa. Panadol sunan kasuwa ne, abin da ke cikinsa paracetamol ne. Flagyl metronidazole ne. Ventolin na masu asma salbutamol ne, Glucophage na masu ciwon siga metformin ne, Norvasc na hawan jini amlodipine ne, Augmentin kuwa haɗin amoxicillin ne da clavulanic acid. Ɗauki duk kwalin da ke kusa da kai ka duba ƙarƙashin babban rubutun nan mai launi, za ka ga sunan sinadarin da ƙananan haruffa, tare da nauyinsa: 500mg, 10mg, 625mg.

Maganin asali, wato orijina, shi ne na kamfanin da ya gano sinadarin, ya gwada shi, ya fara kawo shi kasuwa. Jenerik kuma shi ne wanda wani kamfani daban ya yi bayan wa'adin mallakar na farkon ya ƙare, da izinin hukuma: sinadari ɗaya, nauyi ɗaya, hanyar sha ɗaya. Wani jenerik ɗin sunan sinadarin kawai yake ɗauka, kamar paracetamol na Emzor. Wani kuma sai a yi masa nasa sunan kasuwar da kwali mai sheƙi. Lonart da Amatem da ake nema idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum, duka artemether ne da lumefantrine, wato abin da ke cikin Coartem na kamfanin Novartis. Da yawa daga cikin masu rantsuwar ba sa shan ɗan Indiya, da bakinsu suke cewa a ba su Lonart, alhali a Indiya ake yin sa.

Na ukun shi ne mugun, kuma shi ma iri biyu ne. Akwai jabu, wanda ɓarawo ya buga da gangan da sunan wani kamfani, wataƙila babu sinadarin ma sam a ciki. Akwai kuma marar inganci, wanda kamfani na gaske ya yi amma aikin ya fito da tangarɗa, ko ya lalace a hanya. Jabu laifi ne, jenerik kuwa halastaccen magani ne da asibitocin duniya suke ba marasa lafiya kullum. A Amurka, ƙasar da mafi yawan manyan kamfanonin magani suke cin kasuwarsu, kusan 9 cikin kowace takardar likita 10 da jenerik ake cika ta. A Ingila ma akasarin abin da asibitocin gwamnati suke rubutawa jenerik ne, kuma babban kaso daga Indiya yake zuwa.

Me ya sa na asali yake da tsada haka?

Kafin sabon magani ya iso kanti yakan ci shekara 10 zuwa 15 ana bincike da gwaji, daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa dabbobi zuwa dubban mutane. Kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka fara gwadawa a jikin mutane ba sa kai labari. Nawa ake kashewa? Nan masana suka rabu. Wata cibiya a Jami'ar Tufts ta Amurka ta ƙiyasta dala biliyan 2.6 a kan kowane magani a 2014, wani nazari kuma da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2020 ya ce matsakaicin kuɗin kusan dala biliyan 1 ne. Ko da wanne aka ɗauka, kuɗi ne mai yawa.

Domin kamfani ya mayar da kuɗinsa, doka takan ba shi haƙƙin mallaka na shekara 20, wanda yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta mayar da shi ƙa'idar gama-gari daga 1995. Ana fara ƙirgen tun ranar da aka yi rajistar sinadarin, don haka sau da yawa kusan rabin wa'adin ya tafi kafin a sayar da ƙwaya ɗaya. A shekarun da suka rage babu mai ikon yin irinsa, sai kamfanin ya yanka farashin da ya ga dama. Lipitor na Pfizer, maganin rage kitse a jini, ya kawo wa kamfanin kusan dala biliyan 13 a shekarar 2006 kaɗai. Wa'adinsa ya ƙare a Amurka a watan Nuwamban 2011, yau ga atorvastatin nan a ko'ina da kuɗi kaɗan.

Kamfanin farko shi ya haƙa rijiya, ya sha wahalar dutse da ramukan da ba su ba da ruwa ba. Na baya guga kawai suka zo da shi. Ba sa sake dogon binciken, ba sa kashe maƙudan kuɗi a talla, kuma da zarar sun yi yawa sai gasa ta karya farashi. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta ce jenerik yakan fi na asali sauƙi da kashi 80 zuwa 85 cikin 100.

Amma akwai abin da ya kamata mai saye ya sani. Yawancin magungunan da muke rububin "orijina" ɗinsu tsofaffi ne. Augmentin ya shigo kasuwa tun 1981, Panadol tun shekarun 1950. An daɗe da mayar da kuɗin bincikensu. Abin da kake biya a kansu yanzu shi ne suna, da canjin dala, da kuɗin dako da na dillalai. Suna ba banza ba ne, domin kamfanin da ke da sunan da zai kare yakan yi taka-tsantsan. Sai dai ba ƙarin ƙarfi kake saya ba.

Manyan kamfanonin kuma ba sa sakin nama cikin sauƙi. Idan wa'adi ya kusa, sukan ɗan sauya fasalin maganin su nemi sabon haƙƙin mallaka. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi amince wa Novartis da irin wannan a kan Glivec, maganin sankarar jini. Wasu kuma sukan buɗe nasu kamfanin jenerik: Sandoz, ɗaya daga cikin manya a fagen, reshen Novartis ne har zuwa 2023.

Ta yaya ake tabbatar da cewa aikinsu ɗaya?

Tun bayan wata doka da Amurka ta yi a 1984, wadda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, ba a neman mai jenerik ya sake tabbatar da cewa amlodipine yana sauke hawan jini. An riga an san wannan. Abin da ake nema shi ne ya nuna ƙwayarsa tana kai sinadarin cikin jini daidai da ta asali, a yawa da kuma a sauri.

Akan samo mutane masu ƙoshin lafiya, galibi 24 zuwa 36, a raba su gida biyu. Waɗannan su sha na asali, waɗancan su sha jenerik, a riƙa ɗibar jininsu lokaci zuwa lokaci ana aunawa. Idan maganin ya gama fita daga jiki sai a yi musanya, ta yadda kowa ya sha duka biyun. Abu biyu ake dubawa: ƙololuwar da sinadarin ya kai a jini, da jimillar abin da ya shiga jikin baki ɗaya.

A nan ne aka samo wata magana da ke yawo har a bakin wasu ma'aikatan lafiya, wai doka ta yarda jenerik ya gaza na asali da kashi 20 cikin 100. An ji ƙa'idar da ta ce sakamakon jenerik ya faɗa tsakanin kashi 80 da 125 cikin 100 na sakamakon na asali ne, ba a fahimce ta ba. Wannan iyaka ba ta shafi yawan sinadarin da ke cikin ƙwaya ba. Iyaka ce ta lissafi, wadda dole sakamakon gwajin jinin ya faɗa cikinta gaba ɗayansa, har da ratar kuskuren da ake ƙarawa hagu da dama. Maganin da ya gaza da kashi 20 na gaske ba zai tsallake ba, domin ratar za ta fitar da shi waje. Da FDA ta waiwayi irin waɗannan gwaje-gwaje 2,070 da aka yi tsakanin 1996 da 2007, matsakaicin bambancin da ta samu kimanin kashi 4 ne cikin 100. Ko kwali biyu na kamfani ɗaya da aka yi a lokuta daban-daban ana iya samun irin wannan a tsakaninsu. Wani bita na nazarce-nazarce 47 a kan magungunan zuciya da hawan jini, wanda JAMA ta wallafa a 2008, shi ma bai sami hujjar cewa na asali ya fi ba.

Inda aka yarda su bambanta shi ne kayan rakiya: sitaci ko sukarin madarar da ake cika ƙwaya da shi, launi, ɗanɗano, da rufin da ke bayanta. Shi ya sa wannan fari ne zagayayye, wancan ruwan ɗorawa ne mai tsawo. Ga mafi yawan mutane wannan ba komai ba ne. Wasu 'yan kaɗan jikinsu ba ya son wani launi ko sukarin madara. Musulmi mai tambayar daga wace dabba aka samo sinadarin da ake yin ɓawon kafso, ko kuma ko akwai barasa a cikin sirof, shi ma tambayarsa a nan take, kuma ta shafi na asali da jenerik duka.

To me ya sa wani zai rantse da Allah cewa Panadol ne kaɗai yake sauke masa ciwon kai? Ba ƙarya yake yi ba. A 1981 an yi wani gwaji a Ingila da mata 835 masu fama da ciwon kai. An ba wasu aspirin a kwali mai sanannen suna, wasu a kwalin da ba suna, wasu kuma ƙwayar da ba magani a ciki. Kwali mai suna ya fi sauƙaƙa ciwon, har ga waɗanda ƙwayar tasu ba komai a cikinta. Yarda da magani tana taɓa yadda mutum yake jin ciwo. Amma ba ta kashe ƙwayar cutar maleriya, ba ta kuma sauke sukari a jini.

Abin da jenerik ya yi wa Afirka

Wanda ya ga shekarun 1990 ya san yadda ƙanjamau ta zama hukuncin kisa a nahiyar nan, alhali a Turai da Amurka an fara rayuwa da ita tun 1996. Maganin yana nan, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara. Da Afirka ta Kudu ta yi dokar da za ta ba ta damar shigo da mai sauƙi, kamfanonin magani 39 suka maka gwamnatin Mandela a kotu a 1998. Sai a watan Afrilun 2001 suka janye, bayan duniya ta yi musu ca.

A farkon wannan shekarar ta 2001 Yusuf Hamied, shugaban kamfanin Cipla na Indiya, ya yi tayin haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. Ya iya yin haka ne saboda dokar Indiya ta 1970 ba ta ba da haƙƙin mallaka a kan magani kansa, sai a kan hanyar haɗa shi, kuma haka abin ya kasance har 2005. A ƙarshen 2001 aka yi sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe ikon fifita lafiyar jama'a a kan haƙƙin mallaka, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fara tantance masana'antun jenerik da kanta. Zuwa 2017 sabon haɗin da ke da dolutegravir ya sauko zuwa kimanin dala 75 a shekara. Miliyoyin 'yan Afirka da ke karɓar maganin nan kyauta a asibiti, suna noma, suna aure, suna haihuwar 'ya'ya lafiya, akasarinsu ɗan Indiya suke sha.

A Nijar da sauran ƙasashen sefa darasin ya zo ta wata hanya. Da aka karya darajar kuɗin da rabi a watan Janairun 1994, farashin magungunan Faransa ya tashi dare ɗaya, dole gwamnatoci suka karkata ga jenerik a asibitocinsu.

Masu shakka ma suna da hujja

Akwai likitocin da za su ce maka, "Duk wannan a takarda ne. Ni na ba yaro wani amoxicillin kwana uku ba sauƙi, na canza masa na wani kamfani ya tashi." Bai kamata a yi watsi da irin wannan magana ba, ko da yake wani lokaci ciwon ne ya kai lokacin tafiyarsa, ko kuma ƙwayar cutar ce ta riga ta saba da maganin.

Duk abin da aka faɗa a sama game da gwajin jini ya dogara ne da abu biyu: a yi gwajin da gaskiya, kuma a ci gaba da yin maganin kamar samfurin da aka gwada. An sha karya duka biyun. A 2013 kamfanin Ranbaxy, wanda a lokacin yana cikin mafi girma a Indiya, ya amsa laifi a Amurka ya biya dala miliyan 500, bayan wani tsohon ma'aikacinsa, Dinesh Thakur, ya fallasa yadda ake ƙirƙirar sakamakon gwaji. A 2012 FDA da kanta ta amince cewa wani jenerik na Wellbutrin XL, maganin ciwon damuwa, mai nauyin 300mg da ta ba izini bai yi daidai da na asali ba, aka janye shi. A 2022 yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya, aka danganta mutuwar da sirof na tari da mura na kamfanin Maiden na Indiya, wanda aka samu gubar diethylene glycol a ciki. Wannan gubar ce dai ta kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009 ta hanyar My Pikin, maganin haƙoran jarirai da aka yi a Legas. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ko jabu ne ko marar inganci.

Indiya tana da dubban masana'antun magani. Wasu jami'an Amurka da Turai suna zuwa duba su, wasu kuwa ba mai leƙa su sai hukumar jiharsu. Saboda haka "ɗan Indiya" ba abu ɗaya ba ne, kuma ƙasar da ƙofarta ba ta da mai gadi ita ake turo wa na ƙarshen.

Sai dai gudu zuwa ga mai tsada bai zama mafaka ba. Mai buga jabu riba yake nema, kuma ribar tana wurin sunan da mutane suke biya da tsada. A 2012 jami'an kwastan a Luanda ta Angola sun kama fakiti miliyan 1.4 na Coartem na jabu a ɓoye cikin lasifiku. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan Augmentin na jabu a Uganda da Kenya. Lokacin da sanannen magani ya yi ƙaranci kuma kuɗinsa ya tashi, kamar yadda ya faru a nan bayan 2023, lokacin ne kasuwar 'yan jabu take buɗewa. Na gasken ma yakan samu matsala: a 2020 an janye Zantac na gyambon ciki tare da duk jenerik ɗinsa saboda wani gurɓataccen sinadari.

A gida, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da aka kafa a 1993 ta yi nisa daga inda Dora Akunyili ta same ta lokacin da ta zama shugabarta a 2001. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a mataki na uku cikin huɗu na ƙwarewar hukumomin magani. A 2023 kamfanin Swiss Pharma na Legas ya samu shaidar tantancewar hukumar ta duniya a kan ƙwayar zinc ta gudawar yara. Amma sai a 2025 NAFDAC ta sanar da cewa za ta wajabta gabatar da sakamakon gwajin jinin nan kafin rajistar jenerik, mataki-mataki. Ma'ana, ba kowane kwali mai lambar NAFDAC da ke kanti yau ne aka nemi wannan shaidar a kansa ba.

Zafi da hanyar da magani ya biyo

Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi sunan da ke jikin kwali muhimmanci. Duba gefen kwalin, yawanci an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura 40 a inuwa. To ina ga shagon langa-langa marar silin, ko tiren da yaro yake yawo da shi a tasha tun hantsi har la'asar, ko motar kaya da ta kwana biyu a hanya daga Legas? Sinadarin clavulanic acid da ke cikin Augmentin ba ya shiri da laima da zafi, shi ya sa ake lulluɓe shi da takardar gwangwani, kuma na yara idan an dama shi da ruwa firji yake buƙata, a zubar da ragowar bayan mako guda. Insulin da allurar oxytocin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, su ma sanyi suke so. Zafi bai san orijina ba.

Wannan ne dalilin da hukumomi suka matsa a tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya a Kano a 2024, da kuma samamen da NAFDAC ta kai kasuwannin Idumota da Onitsha da Aba a watan Fabrairun 2025. 'Yan kasuwa sun koka da asara da tsadar shaguna, kuma kukan nasu ba na banza ba ne. Amma maganin da ya bi hannu bakwai ba tare da takarda ba, babu mai iya cewa ga inda ya fito.

Magungunan da ba a son yawan canza musu kamfani

Akwai wasu 'yan magunguna da ratar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. Daga cikinsu akwai warfarin na tsinka jini, digoxin na zuciya, lithium, levothyroxine na maƙoƙo, magungunan waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da wasu na farfaɗiya. Turai ta matse musu iyakar gwajin zuwa 90 da 111. A 2013 hukumar magunguna ta Ingila ta ba da shawarar mai shan phenytoin ko carbamazepine ko phenobarbital ya tsaya a kan na kamfani ɗaya.

Shawarar ba ta ce a sha na asali ba. Cewa ta yi a daina tsalle daga wannan zuwa wancan. Wanda jikinsa ya daidaita a kan jenerik, komawa na asali ma canji ne. Faransa ta ga haka a 2017, da kamfanin Merck ya sauya kayan rakiyar Levothyrox ɗinsa, dubban mutane suka yi ta ƙorafin kasala da jiri, har aka dawo da tsohon na wani lokaci. Insulin kuma daga halittu masu rai ake samar da shi, ba a iya kwafarsa sak, don haka canza shi aikin likita ne, tare da yawan auna sukari a kwanakin farko.

Me mai saye zai yi?

Abu na farko shi ne sanin sunan sinadarin maganinka da nauyinsa, musamman idan na kullum ne. Manufar magunguna ta ƙasa ta ce likita ya rubuta da sunan sinadari, amma wakilan kamfanoni suna zagaya asibitoci, kuma hannu yakan saba da suna ɗaya. Ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Likita, idan wannan ya fi ƙarfina, wanne zan saya a madadinsa?" Sanin sunan yana kare ka daga wani haɗarin ma. Akwai mai shan Panadol, ya ƙara da paracetamol, ya kora da maganin mura wanda shi ma paracetamol ne a ciki, yana ganin abu uku ya sha, alhali hantarsa abu ɗaya ta karɓa ninki uku. Haka dattijuwar da aka canza wa kwalin maganin hawan jini, ta ga launi daban, ta haɗa tsohon da sabon tana sha tare.

Shi ma mai kanti yana da nasa lissafin. Wani zai tura maka mai tsada, wani kuma zai tura maka wanda ba a san kamfaninsa ba domin ribarsa ta fi kauri. Kantin da ke da rajista da ƙwararren mai harhaɗa magunguna, da sanyi, da rasit, ya cancanci ɗan ƙarin da za ka biya. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da sunan masana'anta da adireshinta. Idan akwai wurin kankarewa a jikin kwalin, tsarin da aka fara a 2010 musamman ga magungunan maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, kankare ka tura lambar tun kana tsaye a kantin. Idan an yanko maka kati ɗaya daga kwali, nemi ganin kwalin.

Masu hawan jini da ciwon siga su abin ya fi shafa, domin su ba ranar gamawa. Tun da farashi ya tashi, da yawa suna sayen mai tsada na kwana goma, su huta kwana ashirin, ko su riƙa raba ƙwaya biyu. Wasu kuma da ke ƙarƙashin inshorar lafiya sukan raina abin da aka ba su a asibiti saboda ba sunan da suka sani ba ne, su ajiye shi. Amlodipine na kamfani mai rajista da ake sha kowace safiya ya fi Norvasc da ake sha idan an samu kuɗi, kuma na'urar awon jini za ta nuna maka cikin makonni kaɗan ko yana aiki. A watan Yunin 2024 gwamnatin tarayya ta janye haraji a kan kayan da masana'antun magani na gida suke shigowa da su, amma tunda kusan duk sinadaran daga Indiya da Sin ake sayo su da dala, farashin jenerik na gida ma yana bin canji.

Idan kuma ka sha magani ka ga bai yi aiki ba, ko ƙwayar tana marmashewa, ko launinta ya sauya, kada ka jefar da kwalin. A jikinsa akwai lambar rukunin da aka yi shi a ciki. Kai shi wurin likita ko mai harhaɗa magunguna, ko ofishin NAFDAC na jiharku, domin da wannan lambar ce ake bin sawun sauran kwalayen a janye su daga kasuwa.